Ƙarƙashin Daɓen Wani

A kotun akwai wani benci na gaba, kusa da taga. Ba a rubuta sunan kowa a jikinsa ba, amma kowa ya san namu ne. Mu huɗu ke zama a kai: Maman Nas, Baban Ɗaliba, Mijin Mai Kitso, sai ni. Su ukun an tono musu nasu daga ƙarƙashin siminti, an miƙa musu abin da ya rage sun kai makabarta. Ni 'yata ba a gan ta ba har yau. Saboda haka ko a cikin tuhumar da ake karantawa babu sunanta, kuma a idon alƙali ban fi masu shigowa shan iskar fanka ba.

Auta nake ce mata, ko da yake ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Mahaifinta ya rasu tana goye. Ni malamar firamare ce, na ƙarar da muryata a kan 'ya'yan mutane har ta koma kamar ta kwandasta. Auta na aiki a wani shagon buga takardu. Ta fita da safe kamar kullum tana mitar na cika faɗa, ba ta dawo ba. Da na je caji ofis, ɗan sandan da ke kan kanta yana sakace haƙori da tsinken ashana. Ya tambayi shekarunta, na ce ashirin da uku. Sai ya yi wani murmushi ya ce, "Malama, kin tambayi saurayinta?" Na ce masa da a ajina yake, da yau shi zai wanke banɗakin makaranta. Ya dai rubuta wani abu, ya ce in koma gida in jira.

Na jira har damina ta shigo ta fita. Sannan wani ɗan kasuwa da ya tare a sabon gida ya ga daɓen falonsa ya lotsa ta gefe guda, tayil ya tsattsage, wani wari na tasowa. Ya ɗauka bututun masai ne ya fashe, ya kira masu gyara. Abin da diga ta fito da shi nas ce, cikin fararen kayanta na aiki. Daga nan 'yan sanda suka farka, ihu bayan hari, suka shiga tambayar wanda ya yi daɓen.

Birkila ne, kuma kaf unguwarmu babu wanda bai san shi ba. Siririn mutum mai sanyin murya, ba ya haɗa ido da mace. Yana da wata hanyar aiki da ake yabonsa a kanta. In aka zo zuba daɓe, leburori za su kwaɓa masa siminti su tara, sai ya sallame su, ya ce hannu da yawa ke karkata ƙasa. Shi kaɗai zai cike, ya zuba, ya shafe, ya kulle ƙofa ya tafi da makullin, ya ce wa mai gida ko kyanwa kada ta taka sai ya ba da izini. Daɓensa kuwa sumul, ko ƙwallo ka ajiye ba ta gangarawa. Masu gini har rububinsa suke. Ni ma na kira shi gyaran kicin, Auta ce ke kai masa ruwan sanyi yana cewa, "Na gode, ƙanwata," kansa a sunkuye. Bayan ɓatanta da 'yan kwanaki ya dawo ya ƙarasa aikin, ina can ina zagayen asibitoci. Da na dawo har jaje ya yi min, na kuma amsa.

Wanda aka ɗora wa binciken wani dogon sufeto ne, idonsa kullum ja. Shi kam ba zan ci amanarsa ba, ya yi abin da zai iya. Ya fasa daɓe a gidaje da dama, a biyu ya dace, ya fito da ɗalibar da mai kitson. Wata rana ya aiko aka kira ni ofishinsa, ya juye wani buhu a kan tebur. Takalman mata ne, a ƙarƙashin gadon Birkila aka same su, kuma ko yaro ya san sun fi na mutum uku. Ban ko laluba ba. Na Auta na nan a sama, mai igiya, wanda ƙafar hagunsa ta cinye ta gefe saboda irin takunta.

"To a fasa sauran gidajen mana," na ce.

Sufeto ya murza ido. "Malama, mutumin nan ya fi shekara ashirin yana zuba daɓe a garin nan. Ba shi da ofis, ba shi da ubangida. Kowane gida sai na samo izinin kotu, kuma kafin nan sai na san gidan. Wa zai gaya min?"

"Masu gidajen."

"Su ne suka fi kowa yin gum. Wa ke so a ce falonsa kabari ne? 'Yan haya su gudu, matarsa ta ƙi kwana."

Gaskiya ya faɗa. Mutanen da a da suke jan baƙi su nuna musu aikin Birkila, yanzu rantsuwa suke ba su taɓa jin sunansa ba. Maƙwabcinmu da na gani da idona yana riƙe masa tiyo, cewa ya yi wani ne daban ya yi masa, daga wani gari. Ya shimfiɗa sabon kafet, ya daina gaishe ni.

Ni na fara da nawa. Na kira Yaya, direban tanka ne, ya zo da diga da shebur yana ta ce min in bari hukuma ta yi. Na ce hukuma ta gama nata, kai dai sara. Ya sara tun daga bakin ƙofar kicin har gindin famfo, ya yi rami har ƙugunsa, ina tsaye a kansa ban san me nake roƙo ba, a samu ko kada a samu. Babu komai sai yashi da ɓaraguzan bulo. Yaya ya fito ya zauna a kan baro ya yi kuka, shi da ko ranar rasuwar mahaifinmu ban ga hawayensa ba. Ramin na nan ban cike ba, a tsakar gida nake girki.

Da aka fara shari'a, Birkila ya ce bai aikata ba. Takalman kuma, wai a gwanjo ya saya zai kai wa dangi. Yana tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma hannu a harɗe a gaba, kamar ɗalibin da aka kira ya karɓi kyauta. Leburorinsa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka faɗi yadda yake korarsu in an zo zuba daɓe. Wani mai gadi ya ce ya ga nas ɗin ta bi shi cikin kango, wai ya ce mata lebura ya faɗo daga sama yana zubar da jini. Likita ya zo ya yi bayanin ƙasusuwan wuya cikin muryar da ake karanta labaran yanayi. Tsakanin wannan da wancan kuwa sai ɗage zama: yau alƙali ya tafi taro, gobe motar gidan yari ba mai, jibi lauya na mura. Na koyi haƙurin da shekaruna a aji ba su koya min ba.

A bencin nan na yi ƙawa. Maman Nas doguwar mace ce mai ciwon gwiwa, ba ta cika magana ba, ni kuwa bakina ba ya shiru, sai muka dace. Tana zuwa da ruwa a gora ta miƙo min kafin ta sha. Ranar da likita ya yi bayanin 'yarta, hannuna ta riƙe har farcenta ya bar min shaida. Wani magatakarda ya taɓa cewa in koma baya tunda ba na cikin masu ƙara. Kafin in buɗe baki ta ce masa, "Tare muke." Bai sake ba. In an tashi, ni nake riƙe mata jaka mu sauka matakala a hankali, ina ba ta labarin shirmen yaran ajina har ta ɗan murmusa.

Da shaidu suka taru a kansa, Birkila ya ga ba mafita. Sai lauyar gwamnati ta tara mu a ofishinta, wani ɗan ɗaki da fayil ya cinye rabinsa. Ta cire tabarau ta ce lauyansa ya zo da magana. Zai amsa laifi, zai kuma nuna inda sauran suke, in za a janye neman hukuncin kisa a bar shi da ɗaurin rai da rai.

"Sauran," na ce.

"Haka ya ce. Bai faɗi suna ba, bai faɗi nawa ba." Ta dube ni, sannan ta dubi su ukun. "Shugabana ya ce ba zai amince ba sai duk iyalan da ke cikin ƙarar sun yarda. Ko mutum ɗaya ya ƙi, maganar ta mutu. Malama, ki yi haƙuri, ke ba a tambaye ki ba."

Muka fito, kowa ya kama hanyarsa, ranar ko jakar ban riƙe ba.

Ni da ban taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba, na ɗaura ɗamarar bin gidaje. Mijin Mai Kitso na same shi a garejinsa a ƙarƙashin wata mota. Ya turo kai ya ce, "Malama, a rataye shi ko a dafa shi, yarana dai ba uwa. Na yarda." Ya koma ƙarƙashin motar. Baban Ɗaliba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya sa aka kawo min kujera. Ya ce ya yi wa matarsa alkawarin sai ya ga bayan mutumin nan, amma ya san abin da zuwa kabari ke rage wa mutum. Shi ma ya yarda, yana share ido da hularsa.

Na bar Maman Nas a ƙarshe don na ɗauka ita ce mai sauƙi. Na same ta da hantsi tana shanya. Ta shigar da ni ɗaki, ta zaunar da ni a bakin gado. Hoton nas ɗin na jikin bango, ranar da ta gama makaranta.

"Na san abin da ya kawo ki," in ji ta.

"To kin rage min aiki, 'yar'uwa."

"Ba zan iya ba."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce mata ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ce ba yafe masa za ta yi ba, a kurkuku zai ruɓe. Na ce ita tana da inda za ta je ta tsaya ta yi addu'a, ni kuwa duk gidan da na wuce sai in ji kamar in ƙwanƙwasa. Biki ma na daina zuwa, don in na shiga falon mutane ba na iya taka ƙasa, sai in rakuɓe a bakin ƙofa kamar mai bara. Na ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Malama, ke ba ki gani ba. Ni na gani. Da aka buɗe min ita, akwai siminti a cikin farcenta, har ƙarƙashi. Likita bai faɗa a kotu ba, ni na roƙe shi ya bari. Da ranta ya rufe ta."

Ta juya ta dubi hoton da ke jikin bango.

"Kullum in na kwanta, ina jin ta tana yaƙushi. Kina so in sa baki a bar shi ya ci ya sha, ya ga rana ta fito, har ya yi furfura? Wallahi in na yi haka, ba zan iya ɗaga ido in dubi hoton nan ba."

Na sauko daga gadon na durƙusa a gabanta, na kama ƙafafunta masu kumburi. Ban taɓa yi wa wani mahaluki haka ba. Ta sa hannu a kaina tana kuka, ina kuka, amma ba ta canza ba. Da na ga haka sai halina ya motsa. Na miƙe na ce mata ashe duk ruwan da take ba ni na munafunci ne, na ce ta fi son gawar Birkila a kan gawar 'yata. Ba ta rama ba. Ta raka ni har ƙofa tana ɗingishi, ta ce in gaida gida.

Na so in tsane ta, har yau ina ƙoƙari, abin ya ƙi. Da Auta aka buɗe min haka, na san ni ma da bakin da zan amsa.

Ranar hukunci kotu ta cika har taga. Na zauna a bencinmu, ta zauna, jakarta a tsakaninmu. Alƙali ya daɗe yana karatu, ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunayen mata uku. Na kasa kunne ko zai yi kuskure ya ƙara na huɗu. Ya ce kotu ta same shi da laifi, za a rataye shi har ya mutu. Mutane suka ɗauki sowa, a waje ana tafi. Maman Nas ta rufe fuska da gyale. Birkila bai motsa ba, sai da gandirobobi suka juya shi ya waigo, ya bi bencin da ido, ya tsaya a kaina. Ya ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwar da yake min a kicin.

Sufeto ya tare ni a matakala. Ya ce an mayar da shi wani sashe, fayil ɗin kuma an rufe. Ya ce akwai ɗaukaka ƙara, irin wannan hukunci yakan ɗauki shekaru kafin a zartar, wani lokaci mai laifin ya mutu kafin igiya ta same shi. Ya faɗa ne don ya kwantar min da hankali, bai san ya tayar ba.

Sai da na yi ta zarya kafin a ba ni izinin ziyara a gidan yari. Gandiroban da ke ƙofa ya tambayi me nake da shi da fursunan. Na ce aiki ya taɓa yi min. Aka kai ni wani ɗaki mai raga a tsakiya, yana warin fitsari da maganin wanke ƙasa. Da aka shigo da shi ban gane shi da farko ba. Ya rame, wuyansa kamar na kaza, yana wani tari mai fitowa daga can ƙasa.

"Mama, ina wuni," ya ce.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina take?"

Ya yi tari ya daɗe, ya goge baki da bayan hannu. Na ga abin da ya goge, ja ne.

"An riga an yanke maka," na ce. "Ba abin da za ka rasa. Sunan unguwa kawai, da launin ƙofa. Ni zan yi sauran."

"Mama, tunda aka kawo ni nan ko ƙanena bai leƙo ba. Ke kaɗai ce kika zo." Muryar nan tasa mai sanyi ba ta canza ba. "In na faɗa miki yau, za ki sake dawowa?"

Da babu ragar nan, da na rage wa gwamnati aiki. Na zage shi da duk zagin da na hana yara yi tsawon rayuwata, har gandiroba ya matso. Birkila kuwa yana sauraro kai a sunkuye. Da na gaji ya ce ɗakinsu akwai sanyi, ƙasar ma ba a yi mata daɓen kirki ba, ruwa na tsattsafowa. Ya ce asibitin gidan ba magani, an rubuta masa amma babu mai sayo masa. Ya ce wataƙila in ya ji sauƙi kansa zai fi tuna abubuwa, gidajen da yawa.

Na san ƙarya yake. Wataƙila kuma ba ƙarya ba ce. Gandiroban ya biyo ni har waje ya ce mutane biyu sun mutu a ɗakin nan da irin tarin, in ba a yi da gaske ba wannan ma ba zai ga wata damina ba. Ya faɗa yana dariya, ya ɗauka albishir yake min.

Na tako a ƙasa daga gidan yari har cikin gari, ban hau mota ba. Na wuce sababbin gidaje masu fenti, yara na wasa a baranda, wata mata na goge falonta da tsumma ƙofa a buɗe. Na tsaya ina kallonta har ta ɗago ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau.

A bakin kasuwa akwai kantin magani da na saba zuwa. Mai kantin tsohon ɗalibina ne, yanzu har da gemu. Na faɗa masa sunan maganin da na tambayo wurin gandiroba kafin in taho, na ce ya haɗa da na ƙarin jini, ya kuma nuna min inda ake sayar da bargo mai kauri. Ya ɗauko yana sakawa a leda, ya dube ni da damuwa.

"Malama, wannan ai maganin babban ciwo ne. Wa ke kwance?"

"Wani ne," na ce.

"Ɗan'uwa?"

"A'a."

Ya miƙo min ledar da hannu biyu. "To Allah ya ba shi lafiya, ya ja kwanansa."

Na ce amin, kuma har cikin zuciyata na faɗa.